Maɗacin Ƙofar Gidan Malam Gide

Kakana Malam Gide ba ya barin abu ya wuce ta gabansa bai tare shi da tambaya ba. In ka ba shi shayi, sai ya tambaye ka me ya sa sukari ke ɓacewa a ruwan zafi amma yashi ba ya ɓacewa. In ka kai shi asibiti, kafin likita ya ce ina ke ciwo, shi ya riga ya tambayi likita wa ya ƙera abin da ke rataye a wuyansa. Ya taɓa tsayar da direba a tashar Faskari, mota cike ana ta zufa, wai sai an gaya masa inda man da aka zuba da safe ya tafi. Ni jikarsa ce, sunana Barakatu, kuma da yake ina koyarwa a firamare ni ya mayar rumbun amsoshinsa. In na ce ban sani ba sai ya ce, "To mi suka koya maku a makarantar, amarya? Tafi da waƙa?" Ni kuma in ce masa angon da haƙoransa suka ƙare ba ya yi wa amarya gori.

Sana'arsa sassaƙa. An haife shi a Tungar Masassaƙa, wani ɗan ƙauye a bayan Damari cikin ƙasar Sabuwa, lokacin da dajin wajen ke cike da doka da kawo da ƙirya. Turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, kujerar tsugunno, babu abin da gizagonsa bai fitar ba, in kasuwar 'Yankara ta zo kuma ya ɗora wa jaki tun jajibiri. Ba zan ce ya fi kowa iyawa ba, don akwai waɗanda turminsu ya fi nasa kyan baki. Abin da ya ci masa lokaci shi ne leƙe-leƙe. Wani in ya kayar da itace sai ya kama aiki. Shi kuwa sai ya tsuguna a kan kututturen yana bin zobban nan na cikin itace da farce, waɗanda ke kewaye da juna kamar an yanka albasa. Me ya sa wani ya yi faɗi wani ya tsuke? Kuma duk wannan nauyin daga ina bishiya ta samo shi, tunda ƙasar gindinta ba ta lotsa ba? Ya tambayi malamai suka ce ikon Allah ne. Ya ce wannan ya sani, hanyar da ikon ya bi yake nema.

Bai san mahaifinsa ba. Malam Mas'udu ya rasu da damina, a shekarar da aka haƙa wa ƙauyen rijiyar siminti, kuma shekarar tana nan a rubuce a bakin rijiyar tun simintin yana ɗanye: 1956. Da kaka aka haifi Gide. Kayan aiki da jaki da 'yar rigar Juma'a duk suka koma hannun baffansa, wanda ya riƙe shi ya koya masa sassaƙa. Babu hoto, babu ko hular da zai ce wannan ta taɓa kan ubansa. Abu ɗaya ne ya rage masa, wani maɗaci a ƙofar gidansu. Mahaifiyarsa, Inna Suwaibatu, ta gaya masa tun yana ƙarami cewa babansa ne ya dasa shi da hannunsa a daminar da ya rasu.

Mutumin da ya kayar da itatuwan da ba su ƙirguwa bai taɓa ɗora gatari a jikin wannan ba. Masu zuwa saɓar ɓawonsa don maganin ciwon ciki sai sun nemi izini, kuma shi zai nuna masu inda za su saɓa, ya tsaya a kansu. A gindinsa yake aiki, a gindinsa aka ɗaura masa aure, a gindinsa yake yi wa ubansa addu'a. "Iccen Babana" yake ce masa, har mu jikoki muka tashi mun ɗauka sunan bishiyar ke nan.

Mutum ɗaya ne ke taɓa masa wannan wurin, taubashinsa Alhaji Bilya, wanda ya ba shi shekara huɗu ko biyar. "Wane uba?" in ji Alhaji Bilya. "Ni na san ƙofar gidanku fili ce fetal, nan muke langa. Iska ta kwaso iri ta yar, kai kuma ka tashi ka ci gado." Duk tsiyar da za su yi wa juna Malam Gide da dariya yake ramawa. Wannan kaɗai ce in an yi ta sai ka ga kunnensa ya ɗauki zafi, ya tattara gizagonsa ya shige gida. Haka suka tsufa a kanta, har Inna Suwaibatu ta rasu ina 'yar aji biyu, ba a raba gardamar ba.

A farkon daminar 2018 wata iska ta tashi ta kwantar da maɗacin. Ya yi kwanaki ba ya iya kallon wajen. Daga baya ya ɗauko zarto ya yanko faifai guda daga can gindi, mai kaurin tafin hannu, gungumen da ke bisansa kuma ya sassaƙa mini turmin aure da shi. Shekara na zagayowa 'yan bindiga suka watsa Tungar Masassaƙa, ba a bar ko kaza ba. Kowa ya ɗora hatsi da katifa a amalanke, shi ya ɗora faifan itace. Kakata ta ce masa in yunwa ta zo sai ya gutsura ya ci. Muka zauna a Faskari, Alhaji Bilya ma nan ya sauka, layi biyu tsakaninmu, don kada gardama ta yi kewa.

Ƙarfin turmi ya ƙare masa, amma bai bar zuwa 'Yankara ba. Yana kai ƙota da muciya, ya zauna a layin masassaƙa ya dami mutane. A nan Dakta Sa'adiya ta same shi. 'Yar Ƙanƙara ce, tana koyarwa a jami'a, ta zo tana bin rumfa rumfa tana neman gindin tsohon itace wanda aka san shekarar da ya faɗi. Masassaƙa suka ga mace da jaka da tambayar wa ya sare itace, suka ce malaman daji ne suka aiko ta. Nan take kowa ya zama bai taɓa ganin bishiya ba, turamen da ke gabansu daga sama suka faɗo. Malam Gide kaɗai ya ce, "Mi za ki yi da shi?" Wannan tambayar ce ta sa ta rasa motar komawa gida, ta kuma kawo ta tsakar gidanmu bayan kwana biyu.

Na shimfiɗa masu tabarma na kawo fura, na zauna don kada a ba ni labari.

"Baba, ka san gawayi?" ta ce.

"Ɗiyata, kin san ruwa?"

Ta yi dariya. "To abin nan da ke zama baƙi in an ƙona itace, shi muke ce wa kabon. Ba daga ƙasa bishiya ke ɗebo shi ba. A cikin iska yake, ta zuƙo shi ta ganye ta gina jikinta da shi. In damina ta zo ta ƙara zobe ɗaya, kuma da iskar wannan shekarar take gina shi."

Malam Gide ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya dubi sama, ya dubi turmina da ke jingine a bango. "Iska? Wadda ba a riƙe ta a hannu?" Ta ce ita. Ya ce, "Ashe duk turamen da na ɗauka har ƙuguna ya tafi, iska nike ɗauka!" Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba, har sai da na ji kishi, don shekara da shekaru yana yi mini wannan tambayar ina ce masa taki ne.

Ta ci gaba a hankali, yana tare ta tana komawa baya. Ta ce a cikin kabon ɗin akwai wani iri ɗan kaɗan da ake samu daga can sama, suna ce masa kabon sha huɗu, kuma shi ba ya zama, raguwa yake yi sannu a hankali yadda tuwo ke hucewa. Fetur da gas da kwal sun daɗe a ƙarƙashin ƙasa har nasu ya ƙare ƙaf. Saboda haka duk yadda hayaƙin motoci da masana'antu ya ƙaru a sama, sai ya surka na iskar ya rage masa ƙarfi. Aikinta shi ne ta bi zobban bishiya ɗaya bayan ɗaya, ta auna, ta ga yadda iskar da ke bisa ƙasarmu ta sauya shekara bayan shekara. Ta ce a wasu ƙasashen an auna da yawa, a wajenmu kuwa ba a cika samu ba. Abin da take buƙata bishiyar da ta girma nesa da titin mota, wadda hayaƙin salansa bai dame ta ba.

"Tunga kam ko amarya a kan jaki ake kai ta," in ji shi.

"Akwai kuma wata shaida," ta ce. "A waɗannan shekarun da aka haife ka, manyan ƙasashe sun yi ta gwajin bama-bamai a sararin sama. Abin ya sa kabon sha huɗu ya yi ta hauhawa, ya kusa ninkawa wajen 1964, aka daina gwajin, tun daga nan yake sauka. Duk bishiyar da ke raye a lokacin, daga nan har bangon duniya, tana da zoben da abin ya fi yawa. In muka gano shi, sai mu ƙirga waje mu ƙirga ciki."

Sannan ya ce, "In kin ƙirga ciki har zuciya, kina iya sanin shekarar da aka dasa shi?"

"Sai dai a yi kuskuren shekara ɗaya ko biyu."

Na ga yadda idonsa ya ƙanƙance, na san ba iskar duniya ke ransa ba, Alhaji Bilya ne. Ya tashi da kansa ya mirgino faifan daga ɗakinsa, ya ba ta labarin rijiya da damina da Malam Mas'udu. Ya lissafa da yatsu daga shekarar rijiya zuwa shekarar bom ya ce, "Takwas za ki samu a ciki, ko tara." Ita ma murna ta kama ta, don abin nema ya samu: itacen da aka san farkonsa aka san ƙarshensa. Ta ce za ta dawo mako mai zuwa da zartonta.

To, ga inda gizo ke saƙar. A wajenmu duk itacen da ake so ya daɗe, ko azara ce ko ƙyaure ko ƙafar rumbu, baƙin mai ake shafa masa, wanda bakanike ke zubarwa daga injin mota, don gara ba ta son shi. Tun da muka zo Faskari Malam Gide bai taɓa barin damina ta faɗi bai shayar da faifan nan baƙin mai ba. A inuwar ɗaki ta gan shi, ta ɗauka tsufa ne ya baƙanta shi. Da ta tafi sai kunya ta kama shi, wai yaya za a ba baƙuwa abu da dauɗa. Ya ɗauko gizago ya fere fuskar faifan har ja ya fito, ya goge da yashi da toka, ya shanya a rana. Ranar da ta dawo itace na ta ƙyalli sai ka ce jiya aka yanko shi. Ta yanki siririn tsinke daga ɓawo har zuciya ta naɗe a takarda. Ba ta tambaya ba, shi ma bai ga abin faɗa ba. Wa ke ba da labarin ya shafa wa itace baƙin mai?

Aka aika da shi ƙasar waje, inda akwai na'urar da ke ƙona ɗan gutsure kamar ƙwayar gero ta ƙirga abin da ke ciki. Watanni suka shuɗe. Kullum in na dawo daga makaranta sai ya ce, "Amarya, wayarki ba ta yi kuka ba?" Ya kuma riga ya kai labari majalisar da suke zama bayan la'asar, ya gaya wa Alhaji Bilya ya shirya bakinsa za a ɗinke shi da injin Turawa.

Wayar ta yi kuka ana tsakiyar rani. Muryar Dakta Sa'adiya ba daɗi. Ta ce an gwada 'yan wurare don a fara gani, kuma abin da ya fito ba ya shiga hankali: wai itacen ya kusa shekara dubu biyu, kuma na kusa da ɓawo ya girmi na kusa da zuciya. Ban san wa ya kai maganar majalisa ba, amma kafin magariba ta isa. Alhaji Bilya ya zo har ƙofar gida yana dogara sanda yana dariya har da tari. "Gide, ka yafe mani! Ashe ubanka ya girmi ganuwar Katsina! Halan da shi aka kafa ta?" Malam Gide ya juya ya shige gida. Ya bar zuwa majalisa, tuwo ma sai ya taɓa ya ture.

Dakta ta zo da kanta. Ta sa aka fito da faifan rana tsaka, ta ɓalli gefe ta shinshina, ta sake shinshinawa. "Baba, akwai abin da kake shafa masa?"

"Baƙin mai mana," ya ce, har da ɗaga kai. "Duk shekara. Kin ga ko huda ɗaya ta gara?"

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni na ɗauka kuka take, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta. Ta ce laifinta ne da ba ta tambaya ba tun farko. Kafin ta yi bayani ya ɗaga mata hannu, ya ce ta bari ya kamo da kansa. Ya yi ta motsa baki. Can sai ya buga cinya. "Man nan kika ce nashi ya ƙare don tsufa! Na ɗura wa yaro jinin tsoho, injin ya ɗauka tsoho ne!" Ya yi dariya har hular ta faɗi. Na ce masa wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, ya ce amarya ta yi shiru manya na ilimi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Dakta ta ce ana iya wanke mai da wasu magunguna, amma wannan ya sha shekaru yana tsotsa, ko an wanke ba za ta iya rantsuwa a kan sakamakon ba. Ta tambaya ko akwai wani yanki na wannan itacen, daga gindi, wanda mai bai taɓa ba. Kututturen yana Tunga, Tunga kuwa ko mai tsautsayi ba ya zuwa. Sai na ga idonsa ya tafi bango, nata ma ya bi shi.

Na ce, "Wallahi a'a."

Turmina ne. Ba a shafa wa turmi baƙin mai, wannan ko yaro ya sani. Kuma gindinsa toshe yake, zobban duk suna nan har zuciya. Amma ni ma abin da na fito da shi daga garinmu ke nan. Ina son ƙararsa, in ina daka maƙwabta sun san ni ce. Na ce su je su auna tsufan wani abin, iskar duniya ta yi ta surkuwa, ba da turmina ba. Dakta ta ba ni haƙuri ta tafi. Shi bai roƙe ni ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi ci mini rai. Zama kawai yake yi a zaure yana fere ƙota, in an wuce da abin mamaki ma ba ya ɗaga kai. Wata safiya jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa bai ce komai ba, na ji tsoro ya kama ni. Na mirgina turmin har gabansa na ce, "Ga shi, ka yanke. Amma in fura ta yi tsaki kai za ka shanye."

Da hannunsa ya yanka. Ya fara zubar da fuskar da ke taɓa ƙasa, sannan ya fitar da faifai mai kaurin yatsa biyu, ya hana kowa taɓawa, ko toka bai yarda ta kusance shi ba. Turmin ya gajarce, har yau bayana na ba ni labari.

Sai da aka yi damina aka girbe sannan ta dawo. Ta zo da siririn itace an goge shi sumul, an caccaka masa ƙananan allurai masu kai kala-kala. Ta gaishe shi ta daɗe tana gaisuwa, har da tambayar kaji, na san akwai magana. Ta fara da nata. Ta ce itacen ya yi mata abin da take so har ya wuce. Zobe ɗaya ne a kowace damina, awon ya hau ya sauka yadda ya yi a sauran duniya, kuma a zobban baya-bayan nan ana ganin yadda hayaƙin mai ke ta surka iskar, har a Tungar da mota ba ta zuwa. Ya saurara yana gyaɗa kai, ya yi tambaya biyu uku. Sannan ya ce, "Takwas ne ko tara?"

Ta matso da itacen gabansa ta ɗora yatsa a kan wata allura mai jan kai. "Wannan ne zoben bom, Baba. Ka ƙirga ciki da kanka."

Ya kawo shi kusa da ido ya bi da farce. Bai yi nisa ba farcen ya isa zuciya. Ya koma ya sake.

"Uku," ya ce.

"Uku ne."

"Icce ba ya tsallake shekara? In an yi fari, ko akuya ta cinye kanshi?"

"Yana yi. Shi ya sa ban dogara da ƙirga kaɗai ba, na sa aka auna zuciyar kanta. Iskar da ke cikinta ta wajen 1961 ce, bom ya riga ya shiga ta sosai. Da a shekarar rijiya ya tsiro, da ba mu ga haka ba. Ko na ƙara masa shekara ɗaya ko biyu yana ɗan tsiro, ba zai kai ba. Ka yi haƙuri, Baba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushinta, na ji haushin injin, na ji haushin ranar da ta taka kasuwar 'Yankara. Mutum ya rasa garinsa, ya rasa gidansa, abu ɗaya da ya riƙe a zo da allura a tsone masa shi? Na buɗe baki zan ce injin da ya taɓa cewa dubu biyu ai ba abin yarda ba ne. Ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

Ya daɗe yana kallon itacen. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take, kamar da kansa yake yi.

"Ina tsallake shi," ya ce. "Na tuna. Ina rugowa daga cikin gida in tsallake shi, Inna ta biyo ni da faɗa. An kewaye shi da ƙaya, bai kai mani gwiwa ba." Ya ɗago ya dubi Dakta. "Maɗacin da ya girme ni, ina shekara biyar, ai ya wuce kan gini. Yaya za a yi in tsallake shi?"



"Ni na dami Inna," ya ce. "Yara na cewa wanga na babana ne, wancan babana ya ba ni. In dawo in riƙe mata zane. Inna, mi Babana ya bar mani? Ta ce ya bar maka albarka. In ce a nuna mani ita. Da safe in tambaya, da dare in tambaya. Rannan na tashi, ta kama hannuna ta kai ni ƙofar gida ta ce, ga shi nan." Ya shafa zuciyar itacen da babban yatsa. "Ƙasar ma ɗanya ce. Na ga ƙasar ɗanya, amarya. Da idona na gan ta."

Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Dakta Sa'adiya ma ta juya tana gyara jakar da ba abin da ya same ta.

"Da ruwan wanke-wanke ta raine shi, rijiya na da nisa," ya ce. "Shekara arba'in ta yi bayan nan tana ji ina cewa iccen Babana, iccen Babana. Ina zaune a inuwarshi ina yi wa wanda ya dasa addu'a, ita tana cikin gida tana daka. Ko sau ɗaya ba ta ce ni ce ba. Ni kuma da na tambayi direba inda mai ke zuwa, ban taɓa ce mata, Inna, yaya aka yi ƙasar ke ɗanya ba."

Aka kira la'asar. Ya yi alwala ya sa hula, ya tambayi Dakta ko za ta bar masa itacen, ta ce nasa ne. Ya zura shi a aljihun riga da allurai da komai ya fita. Na bi shi har zaure, don na san daga masallaci majalisa za su zauna, kuma na san wanda ke can yana jira.

Daga inda nake ina hango su. Alhaji Bilya ya ga motar baƙuwa tun ɗazu, ya gyara zama ya jingine sanda, bakinsa har ya fara murmushi. "To, Gide, mi injin ya ce wannan karon? Dubu nawa?"

Malam Gide ya tsaya a gabansa. "Kai ke da gaskiya, Alhaji. Fili ne fetal, nan kuke langa. Ba Babana ya dasa shi ba." "Amma ba iska ba ce. Inna ce."

Murmushin ya tsaya a fuskar Alhaji Bilya. Ya dubi taubashinsa, ya dubi ƙasa, ya daɗe. Sannan ya matsa ya ba shi wuri a kan tabarma, ya ɗaga hannuwansa biyu sama, sauran dattawan suka bi shi.

"Allah ya ji ƙan Suwaiba," ya ce.

Kowa ya ce amin. Na ga bakin kakana ya motsa, amma muryar ba ta fito ba.